Sunayen Littattafan da Suke Karin Magana

Tambaya: Malam, ni mai son karatun ƙagaggun labarai ce. Akwai waɗanda na daɗe da karantawa amma har yau ban manta da su ba, kullum ina yi wa ƙawayena tallarsu. Sunayen wasu ne ke ɗaure mini kai: Jiki Magayi, Kitsen Rogo, Tsumangiyar Kan Hanya, Alhaki Kuykuyo Ne. Me suke nufi? Kuma daidai ne in ce littafi "ya tsaya mini a rai"?

Amsa: Malama, duk huɗun karin magana ne, sai dai ba iri ɗaya aka yi amfani da su ba. Biyu an datse musu ƙarshe, ɗaya an dunƙule shi, ɗaya kuma cikakke ne.

Mu fara da waɗanda aka datse, don a nan masu karatu suka fi tuntuɓe. Cikon sunan littafin Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, shi ne "Alhaki kuikuyo ne, ubangidansa yakan bi." Kuikuyo ko kwikwiyo ɗan kare ne. Ki kore shi, ki rufe ƙofa, ki sauya hanya, da kin waiwaya za ki gan shi a bayanki yana kaɗa wutsiya, don bai san kowa ba sai mai shi. Haka alhaki yake ga wanda ya ɗauke shi. Labarin na magidanci ne da ya kori matarsa da 'ya'yanta saboda amarya, to kin ga tun daga bango an nuna wanda kuikuyon zai bi. Wanda bai san cikon ba ya rasa rabin daɗin karatun.

Na biyu, "Tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba." Tsumangiya, wasu su ce tsumagiya, siririn reshe ne mai lanƙwasa. Idan ta ratso hanya, duk mai wucewa sai ta taɓa shi. Ana faɗar wannan ga abin da ba ya zaɓe kuma ba ya jin nauyin kowa. Littafin Musa Muhammad Bello ne, cikin waɗanda suka fito daga gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya a farkon shekarun 1980.

Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo an dunƙulo shi ne daga "kallon kitse ake yi wa rogo": fari ne fat daga nesa, sai an gatsa a ji ba maiƙo. Ruɗin birni ga mutumin karkara ke nan.

Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, yana cikin littattafai biyar da gasar 1933 ta Hukumar Fassara a Zariya ta haifar. "Magayi" daga "gaya" yake, da ɗafa-goshi ma- a farkon kalmar da ɗafa-ƙeya -i a ƙarshenta, kamar yadda "tambaya" ta ba da "matambayi". Ma'anarsa mai faɗa wa mutum. Wanda aka yi wa gargaɗi ya toshe kunne, jikinsa ne zai gaya masa idan wuya ta zo.

Game da tambayarki ta biyu, a kula. "Ya tsaya mini a rai" yana ɗauke da damuwa, abin da ya ƙi wucewa kamar bashi ko baƙar magana. Idan labarin ya bar miki ƙunci, ya dace. Idan yabo kike nufi, ki ce "ya kwanta mini a rai". Idan tausayi ko shauƙi ne ya kama ki, "ya ratsa ni" ya fi. "Ya burge ni" na gwanintar marubuci ne. Mai tallar littafi da ta haɗa waɗannan wuri ɗaya takan sa ƙawarta ta ɗauki littafin kuka tana zaton na nishaɗi ne.

A gyara wani kuskure da ya yawaita a rubuce: tilo "ƙagaggen labari", jam'i "ƙagaggun labarai". "Ƙagaggen labarai" ba daidai ba ne, domin sifa tana bin adadin suna.

Idan za ki ba ƙawa littafi irin waɗannan, ki faɗi sunan, ki cika mata karin maganar, ki faɗi matsalar da labarin ya buɗe da ita cikin jimla biyu, ki tsaya nan. Sunan ya riga ya nuna inda aka dosa, don haka kada ki ƙara mata da yadda aka isa wurin.