Amsa ga Malama kan horas da ma'aikatan ƙaramar ƙungiya

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Kin ce ƙungiyarku ta tallafa wa marayu ce a Tudun Wada, kuna da ma'aikata kaɗan da 'yan sa-kai, kun sami ɗan kuɗin horaswa, kina tambaya ko ku tura mutum biyu bita Abuja ko ku yi wani abu daban. Ni dai shawarata, ku kashe kuɗin nan a cikin ofishinku.

Na daɗe a harkar ƙungiyoyi a nan Zariya, na kuma zauna a irin bitar otal ɗin nan. Ana ƙaruwa, ba na musu. Sai dai galibi shugaba da sakatare ne ke tafiya, su dawo da jaka da satifiket, ita kuwa yarinyar da ke riƙe da littafin kuɗi tana nan tana rubuta "kuɗin mota" ba sunan wanda aka ba, ba daga ina zuwa ina. Wanda aikin ke hannunsa shi ya fi cancanta da horon.

Ku fara da lissafin kuɗi, don nan ne ƙananan ƙungiyoyi ke tuntuɓe, kuma yawanci ba sata ba ce, rashin takarda ne. Na san wata ƙungiya da ta raba wa yara kayan makaranta tsakaninta da Allah, amma da masu ba da tallafi suka zo dubawa, leda aka zazzage musu cike da rasit. Rabinsu na POS ne, zafi ya goge rubutun ƙaf, sauran kuma an yi su a ɓallen takardar littafi ba kwanan wata. Tallafin bai sake zuwa ba, yaran ne suka yi asara. Har yau abin yana damuna.

Akanta ba ya wuya a garin nan. Ga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga waɗanda suka yi ritaya suna zaune a unguwanninmu. Ku sami mutum ɗaya ya riƙa zuwa duk Asabar, ya koyar da takardunku na gaske: yadda ake cika littafin shige da fice, yadda kowane biya zai sami bauca, wato takardar shaidar biyan kuɗi, mai sa hannun mutum biyu, yadda ake gwada littafin da takardar banki a ƙarshen wata. Rasit ɗin POS a yi masa fotokwafi ranar da aka karɓo shi. In kun sayi hatsi a kasuwar Sabon Gari wajen wanda ba ya ba da rasit, ku tafi da baucarku, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a rubuta lambar wayarsa. Haka ma mai keke Napep da ya ɗauko kayan.

A haɗa da takardun hukuma. Rajistar amintattun ƙungiya a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 ba ta ƙare a ranar karɓar satifiket ba, akwai rahoton shekara da ake miƙawa. Akwai kuma takardar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, bankuna na neman ta. Lallai a sami wanda ya san waɗannan a cikinku.

Sauran kuɗin ku sa a tattara bayanan yaran. Manhajar KoboCollect kyauta ce, tana aiki a wayar Android ko babu intanet, matasanku za su iya ta cikin 'yan kwanaki. Amma a wannan zaman a gaya musu ƙarara cewa ba a ɗora hoton maraya a Facebook yana riƙe da buhun shinkafa. Yaron nan zai girma a unguwar, yana da mutunci, kuma izinin mariƙinsa wajibi ne kafin a ɗauki ko da sunansa.

Kowane horo ku sa mutum biyu. Wanda ya ƙware, wata rana babbar ƙungiya a Kaduna za ta ɗauke shi, ba kuma za ki hana shi neman abincinsa ba. A yi koyarwar da Hausa, a sa ta da hantsi a tashi kafin azahar, don matan aure su samu zuwa bayan yara sun tafi makaranta. In kuna da 'yan sa-kai daga Giwa ko Soba, ku kauce wa tsakiyar damina.

Kafin akantan ya fara zuwa, ki sa a tattaro duk rasit na wata uku da suka wuce, a jera su bisa kwanan wata a fayil ɗaya, da su zai fara darasin farko.