Tambaya da Amsa: Ɗaukar Hoton Masu Jan Gashi a Zariya

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, ina koyon ɗaukar hoto. Na ga jerin hotunan masu jan gashi daga ƙasashe daban-daban, har da baƙar fata. Rini ne ko halitta? Kuma in ina son yin irin wannan aiki a nan Zariya, ta ina zan faro?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanina. Halitta ce. Masu jan gashi ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na mutanen duniya ba, sun fi yawa a Sukotland da Ayaland, sai kuma ƙabilar Udmurt ta Rasha. Silar abin wata ƙwayar gado ce da ake kira MC1R, kuma galibi sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita take bayyana a jikin ɗa, ko da su kansu baƙin gashi gare su. A Holan, wani mai zane, Bart Rouwenhorst, ya yi cigiyar mata masu jan gashi a 2005 don ya zana su, jama'a suka zo fiye da zatonsa. Daga nan abin ya zama biki na shekara-shekara. Mai ɗaukar hoto Michelle Marshall kuwa, a Landan, baƙar fata da ruwa-biyu masu jan gashi ta bi da kyamararta.

Sai dai a wajenmu, kafin ka buɗe kyamara ka fara sanin wane irin ja kake kallo. Akwai na dattijon da ya sa wa gemunsa lalle, wanda za ka gani a sahun gaba ranar Juma'a a cikin birni. Akwai wani nau'in zabiya da gashi da fata ke yin jaja-jaja maimakon fari. Akwai kuma wanda nake so ka yi hattara da shi: yaron da gashinsa ya yi ja, ya yi laushi yana kaɗewa, ƙafafu a kumbure. Wannan tamowa ce. Ba hoto yake buƙata ba, asibiti za a kai shi. Ni da kaina, ina sabon shiga, na taɓa yaba gashin wata yarinya a wani ƙauye, sai wata ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe ta fahimtar da ni. Har yau in na tuna kunya nake ji.

To, sai batun aiki. Ja shi ne launin da ya fi saurin ƙonewa a kyamara. In haske ya yi yawa, silin gashin sai su haɗe, ka ga kai kamar an shafa masa manja. Ka ɗan rage haske kaɗan daga abin da kyamara ta zaɓa, ka ɗauka a RAW, wato tsarin da kyamara ke adana hoto ɗanye don ka gyara shi daga baya, kuma kada ka bar ta ta daidaita launi da kanta, don tana ganin ja da yawa sai ta sanyaya hoton, fata ta fito fatau. Ka fita da hantsi ko bayan la'asar, rana ta kasance ta bayan mutum, ta ɗan gefe. Nan ne za ka ga gefen gashin ya kama kamar garwashi. Hazon hunturu ma abokinka ne, yana tausasa haske kyauta.

Kowa zai ce maka ka je jikin ganuwa ko tsohon soro. Ni ban yarda ba. Jar ƙasa tana haɗiye jan gashi. Nemi zanen da aka rina da shuni ka rataya a baya, ko inuwar darbejiya mai duhun kore.

In zabiya ne, ajiye filashi, kada kuma ka tsayar da shi cikin rana, idonsa da fatarsa ba sa jurewa. Ka tuna cewa da yawansu sun taso ana yi musu tsiya a kan wannan kamanni. Zauna ku gaisa, faɗa masa inda hoton zai je, in yaro ne nemi izinin iyaye. Bayan ka ɗauka, juya masa kyamarar ya gani, wanda bai so ba ka goge a gabansa.