Haƙorin ƙasa da ya ƙi zama: amsa ga ɗan koyo

Tambayarka ita ce: dattijon nan da aka yi wa haƙoran roba sama da ƙasa, na sama ya kama tsam har sai ya sa yatsa yake ɓamɓaro shi, na ƙasa kuwa da ya buɗe baki zai yi magana sai ya taso. Hannu ɗaya ya yi su, kaya ɗaya aka yi amfani da su, to ina matsalar take? Kuma ko a zuba masa rezin, wato robar da ake yin haƙorin da ita, ta ciki ya ƙara matsewa?

To ɗana, kada ka zuba komai tukuna. Na sama da na ƙasa ba aiki ɗaya ba ne, ko da a tukunya ɗaya aka dafa su. Na sama yana da ganɗa, fili ne mai faɗi wanda ba ya motsi. In bakin haƙorin ya rufe iska ta ko'ina, ɗan yawun da ke tsakani ya isa ya riƙe shi, kamar yadda gindin kofin shayi ke manne wa jiƙaƙƙen faranti. Littattafan aikin suna ƙiyasta filin da na sama ke zama a kai da kusan murabba'in santimita 24, na ƙasa kuwa kusan 14. Ga shi siriri, ga harshe yana ture shi ta ciki, leɓe da kumatu suna ture shi ta waje, ƙasan baki kuma yana tasowa duk lokacin da aka haɗiyi yawu. Saboda haka haƙorin ƙasa ba matsewa ke zaunar da shi ba. Abin da ke zaunar da shi shi ne ya tsaya a inda naman da ke kewaye da shi ba zai kore shi ba. Kuskuren milimita ɗaya da na sama zai yafe maka, na ƙasa ba zai yafe ba.

Kafin ka zargi hannunka, tambayi yaushe aka cire haƙoran ƙarshe. Ƙashin da ke riƙe da haƙori yana zaizayewa da zarar an cire shi, kuma zaizayar ta fi sauri a watanni uku zuwa shida na farko. Mutum zai zo yana gaggawa saboda biki ko tafiya Hajji, a auna shi sati biyu bayan cirewa, bayan wata huɗu tudun dasashin ya sauka, haƙorin yana lilo. Wannan ba laifin awo ba ne, amma laifi ne in ba a gaya masa tun farko cewa za a sake cike cikin haƙorin ba. Muƙamuƙin ƙasa kuma, in shekaru suka ja, yana zaizayewa wajen ninki huɗu na na sama. Wanda ya yi shekara goma sha biyar babu haƙori ko ɗaya, wani lokaci ba ka samun tudu sam, sai shafaffen wuri.

Likita ne ke shiga baki, amma kai za ka karɓi abin da ya auno, dole ka san wanda za ka zuba da wanda za ka mayar. A nan Garwa zafi ne babban abokin gabar aljinat, garin da ake kwaɓawa a ɗauki awon siffar baki da shi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, ruwan famfo da ɗuminsa yake fitowa, kuma ruwan ɗumi yana sa aljinat ya daskare kafin cokalin awo, wato mazubin da ake sa shi a ciki, ya zauna a baki. Awon sai ya fito da ninki da jan layi. A kwaɓa da ruwan firji ko na randa, da ma'aunin da ya zo da garin, kada a ƙara ruwa don a samu lokaci, raunana shi ake yi. In an ciro, a ɗauraye, a fesa ruwan jabel, wato bilic, da aka sirka, a ɗaure a leda minti 10, sannan ka zuba filasta a cikinsa nan take don samfurin bakin ya fito. Da hunturu in ka bar shi a kan tebur rabin awa iska ta tsotse shi ya motse. In ka tsoma shi a ruwa ya kwana, ya kumbura. Duka biyun samfurin ƙarya za su ba ka. Filasta ta gama-gari giram 100 ce ga ruwa mililita 50, mai ƙarfi ta samfurin ƙarshe kuwa giram 100 ga mililita 30 ko ƙasa da haka kaɗan. Ka auna, kada ka kwatanta da ido.

Inda aka fi zubar da haƙorin ƙasa shi ne a tsaya a wannan awo na farko. Cokalin kanti ba don bakin kowa aka ƙera shi ba. Yana tura kumatu waje, ya nuna maka kwarin da ke tsakanin dasashi da kunci da zurfi da faɗin da babu su in mutum yana magana. In ka gina haƙori a kan wannan, gefensa zai zarce, nama kuma zai yi ta cilla shi sama. Amfanin awon farko ɗaya ne: ka samu samfurin da za ka ƙera wa mutumin cokalinsa na kansa. Ka ja layi da fensir a kan samfurin, ka tsayar da bakin cokalin milimita 2 kafin gindin kwarin, ka buɗe wa linzamin harshe da ɗan tantanin leɓe da na kumatu hanya. Wannan milimita biyun gurbin danƙon Kerr ne, koren nan mai kama da sanda. Likita zai ɗumama shi, ya ɗora gaɓa-gaɓa, ya sa a baki, ya ja leɓe da kunci, ya ce wa mutumin ya lashi leɓensa na sama, ya kai harshe kuncin dama da na hagu, ya tura shi gaba, ya haɗiye. Naman da kansa ne zai zana iyakar da ya yarda da ita. Bayan nan a ɗauki awo na biyu da man zink mai ƙamshin kanumfari ko da silikon.

In awon nan ya iso hannunka, wurare uku za ka duba. Na farko, ɗan tudun nama mai laushi da ke can ƙarshen dasashin ƙasa, bayan gurbin turmin ƙarshe. Dole ya fito, dole haƙorin ya hau kansa, don shi ba ya zaizayewa kamar sauran tudun, kuma shi ne birkin da ke hana haƙorin zamewa baya. 'Yan koyo da yawa suna yanke wannan wuri wai don haƙorin ya yi sauƙi a baki, alhali sun yanke masa ƙafa ne. Na biyu, faffaɗan ƙashin da ke gefen kunci daidai turame. Shi ke ɗaukar nauyin tauna in tudu ya ƙare. Na uku, gefen ciki ta wajen harshe, musamman can baya inda yake sauka ya lanƙwasa. In ya gaza, iska ta shiga. In ya zarce, harshe ya ɗaga shi. Sannan in za ka zuba, ka kewaye awon da kaki don kaurin bakinsa ya fito a samfuri. In ka datse wannan kauri a wajen gyaran samfuri, wahalar da likita ya sha da danƙo ta tafi a banza.

Sai tsayin cizo. Mutum in ya saki muƙamuƙinsa, haƙoransa ba sa haɗuwa, akwai tazarar milimita 2 zuwa 4 a tsakani. A ɗiga alama a kan hanci da haɓa, a auna yana sake, a auna ya ciji kakin gwaji. Na biyun ya gaza na farko da wannan tazara. In aka cinye ta, haƙora za su riƙa karo yana magana, ka ji ƙwas-ƙwas, dasashi ya yi ta ciwo ko'ina ba wuri ɗaya ba, na ƙasan kuma ya yi ta gocewa. Ranar gwajin kaki a sa shi ya ƙirga daga sittin zuwa saba'in da ƙarfi, a saurara. In haƙora suna taɓa juna a wajen "sittin da shida", cizon ya yi tsawo. Ranar ce ranar gyara, don kaki da wuƙa mai ɗumi ake motsa shi, rezin kuwa sai an nike.

Wajen jera haƙora, turamen ƙasa su zauna a kan tsakiyar tudu. In ka fitar da su waje, duk cizo a dama zai ɗaga hagu. In ka shigar da su ciki, ka ƙwace wa harshe wuri, kuma harshen wanda ya daɗe babu haƙori ya riga ya baje ya saba da sarari. Tsayinsu kada ya wuce kashi biyu cikin uku na tudun naman nan na baya, don harshe ya samu ya kwanta a kansu ya danne. Kada ka ɗora haƙori a inda tudun ya fara hawa sama ta baya. In wuri ya gaza, kada ka sa turmi na biyu. Ba dole ba ne sai an cika 28. Bayan haƙorin ta wajen harshe kuma ka ɗan fafe shi, kada ka bar shi ya yi tumbi.

Dahuwa ma tana ɓata aikin da ya tafi daidai. Garin rezin uku, ruwansa ɗaya a ma'aunin cika, a rufe, a jira ya daina zare ya saki jikin kofi, sannan a danna a muful, akwatin ƙarfen da ake dafa haƙorin a ciki. Ruwan rezin yana tafasa a digiri 100 da ɗan ɗoriya, kuma shi kansa yana fitar da zafi in ya fara daskarewa. In ka jefa muful a tafasasshen ruwa kai tsaye, wurin da ya fi kauri zai cika da ƙananan ramuka, kuma a haƙorin ƙasa wurin nan shi ne gefen harshe ta baya. Ka fara da ruwan sanyi, ka kai shi digiri 74, ka riƙe awa 2, sannan ka tafasa awa 1; in kana da lokaci, awa 8 a digiri 74 ya fi. Ko a kan gas kake dafawa saboda ɗaukewar wuta, ma'aunin zafi ya kasance cikin tukunyar. In ka sauke, ka bar muful ya huce da kansa aƙalla rabin awa. Wanda ya tsoma shi a ruwan sanyi don sauri, ya murɗe haƙorin tun bai ga baki ba.

Yanzu koma kan dattijon. In ya dawo, a cire na sama, a sa na ƙasa shi kaɗai, ya ɗan buɗe baki ya saki jiki. In ya taso da kansa, gefen leɓe ko na kunci ya zarce. In yana zaune sai ya ɗaga harshe sannan ya taso, gefen ciki ne. A danna turamen dama da yatsa. In hagu ya ɗaga, ko jeri ya fita daga tudu ko gindin ya murɗe. In duk wannan lafiya lau, sai an haɗa da na sama yake gocewa, to cizo ne: a sa shuɗiyar takarda mai barin alama inda haƙora suka haɗu, a ga inda ya fara taɓawa, a rage kaɗan-kaɗan. Zarcewar gefe da karon cizo ragewa suke so, ka ga ke nan ƙarin rezin ba zai taɓa su ba. Wanda ke bukatar ciko shi ne wanda gefensa da cizonsa daidai suke amma dasashi ya sauka ya bar rami, shi ma da awo ake yi a cikin haƙorin, a kawo ɗakin aiki a dafa.

Rezin mai daskarewa da kansa da kake son zubawa, ka san yana barin ɗanyen ruwa a jikinsa fiye da dafaffe nesa ba kusa ba, yana ƙona dasashi, yana shan wari. Shi ne wanda masu sa haƙori a bakin kasuwa ke liƙa wa mutane a giɓi, su haɗa da haƙoran gefe yadda ba ya ciruwa. Bayan 'yan watanni dasashi ya ruɓe a ƙarƙashi, haƙoran da ke lafiya su fara girgiɗi, mai giɓi ɗaya ya koma mai uku. Ba na son ka saba da shi a matsayin maganin kowace matsala. Wurinsa ɗinkin karaya da ƙera cokali.

Shi ma mai haƙorin akwai nasa aikin, kuma sai an zaunar da shi an yi masa bayani da harshen da yake ji, Hausa ko Fulatanci, a gaban wanda ke kula da shi a gida. Na ƙasa koyo ake yi, yakan ɗauki makonni. Ya kwantar da kan harshensa a bayan haƙoran gaba na ƙasa. Ya fara da kunu, fura da tuwo mai laushi, loma ƙanana, yana tauna ta gefe biyu lokaci ɗaya. Kilishi da goro kada ya gatsa da haƙoran gaba, a yanka masa ƙanana. Da dare ya cire ya sa a kofin ruwa, ya wanke da burushi da sabulu a kan kwano mai ruwa don in ya suɓuce kada ya fashe. Ban da ruwan zafi, ban da toka ko gawayi, suna kankare shi datti ya samu maƙale. Mai kwana da haƙori, musamman mai ciwon sukari, shi ne ke zuwa da ganɗa ja wur. Ya dawo bayan kwana ɗaya ko biyu a duba inda ke gurzarsa, kada ya sa reza ko fayil da kansa. Miki kuma in ya wuce sati biyu bai warke ba bayan an rage wurin, wannan ya fita daga hannunmu, likita ne zai bincika, don ciwon daji na baki yakan fara da kamar gurzar haƙori.

In aka duba aka ga tudun ya shafe gaba ɗaya, a gaya masa gaskiya: za a iya inganta zamansa, amma ba zai kama kamar na sama ba. Man liƙa haƙori na kemis yana taimakawa, ɗigo uku ko huɗu, a wanke shi kullum. Abin da ya fi shi ne a dasa ƙarfe biyu a gaban muƙamuƙin ƙasa haƙorin ya riƙa maƙalewa a kansu. Tun 2002 taron ƙwararru a Jami'ar McGill ta Kanada ya ce wannan ya kamata ya zama zaɓin farko ga wanda ba shi da haƙorin ƙasa ko ɗaya. Sai dai kuɗinsa da yawa, kuma aikin likitan da ya ƙware a dashe ne. Kafin a kai ga nan, ɗauko samfurin dattijon ka duba ko tudun naman baya ya fito a kansa. In bai fito ba, kada a ɓata lokaci da ragi ko ciko, ka ƙera sabon cokali a sake awo.