Lambobin da ke jikin sandar kamun kifi: nauyin zare da nauyin abin jifa

Ɗan'uwa, ka ce a jikin sandarka, sama kaɗan da mariƙi, an rubuta "Line 10-20 lb" da "Lure 1/4-3/4 oz", kana tambaya ko hakan na nufin kifin da ya wuce laba 20 zai karya ta. A'a. Babu ɗaya daga cikin lambobin nan biyu da ke maganar nauyin kifi.

Bari a fara da ta biyun, wato "Lure", nauyin abin jifa a ma'aunin oza, don ita ce ta fi ba mutane wahala. Oza ɗaya giram 28 ne da ɗoriya, saboda haka 1/4 zuwa 3/4 na oza ya kama daga kusan giram 7 zuwa 21. Wannan shi ne nauyin abin da sandar za ta iya wurgawa yadda ya kamata. Sanda kamar baka take: nauyin abin da ke rataye a bakinta shi ke lanƙwasa ta lokacin da ka kai ta baya, sai ta miƙe ta harba shi gaba. In ka ɗaura mata abu mai giram 3, ba za ta lanƙwasa ba, ƙarfin kafaɗarka kaɗai ke aiki, jifar ta faɗi nan kusa. Idan kuma ril ɗinka, wato na'urar naɗe zare da ke jikin sandar, irin wanda kwarkwaronsa ke juyawa ne lokacin jifa, sai zare ya cukurkuɗe ya zama sheƙar tsuntsu. In ka ɗora giram 40, bakin sandar zai yi laɓo-laɓo, ba saiti, kuma fizga ɗaya mai ƙarfi na iya ɓalle tsinin.

Inda ake yawan kuskure shi ne lissafin. Nauyin da ake nufi na duk abin da ke ƙarshen zaren ne: ƙugiya, dalma, tana ko yankan kifi, da kifin roba in da shi. Ƙugiya mai kan dalma da aka rubuta wa 1/2 oza, wato giram 14, da zarar ka soka mata kifin roba mai kauri tana iya kaiwa iyakar sandar ko ta wuce. Wasu kamfanonin ma nauyin kan dalmar kawai suke rubutawa a kwali. Ɗan ƙaramin sikelin giram shi ke raba gardama. Kuma sanda ta fi jin daɗin jifa a tsakiyar iyakarta, a sandarka kusan giram 12 zuwa 15. In dole ta sa ka ɗan haura, to a hankali za ka lilo ka saki, ban da fizga.

Sai zare. Laba ɗaya giram 454 ce, don haka 10-20 na nufin zaren da ke tsinkewa a jan kilo 4.5 zuwa kilo 9. Manufar ita ce in abu ya ɓaci, zare ya riga sanda sallamawa. Zaren da bai kai laba 10 ba, taurin sandar zai tsinka shi lokacin da ka fizga don kafa ƙugiya. Wanda ya zarce 20 nesa kuwa, shi zai tsaya, sandar ta tafi. Amma kifi mai kilo 15 ana fitar da shi da zaren laba 15 lafiya lau, domin a cikin ruwa ba ɗaukarsa kake ba, gajiyar da shi kake, birkin ril na sakar masa zare duk sa'ad da ya ja da ƙarfi.

Birkin nan shi ne mai tsaron sandar na gaskiya. A ɗaure shi a kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku na ƙarfin zaren. Ga zaren laba 15, wato birki ya fara saki a laba 4 zuwa 5, kusan kilo 2. Zura zaren ta duk zobban da ke jikin sandar, ɗaura ƙarshensa a sikelin rataye, wani ya riƙe, kai ka ɗaga sandar har ril ya fara kuka, ka karanta. Ja da hannu daga bakin ril yaudara ne, don zobba na ƙara gogayya. Kada a manta ƙulli ma yana rage wa zare ƙarfi, musamman in an ja shi a bushe ba a jiƙa ba.

Lambar zaren galibi da zaren nailan mai sili ɗaya aka auna ta. Saƙaƙƙen zare ya fi shi siranta sosai, mai laba 30 kaurinsa kusan na nailan mai laba 8 ne, shi ya sa da yawa ke sa mai 30 a kan sanda irin taka. Babu laifi, da sharaɗin birki ya zauna kamar zaren laba 20 ne ko ƙasa, tunda saƙaƙƙe ba ya talewa, duk girgizar a kan sandar take sauka. In ka ga PE 1 ko PE 2 a sandunan Japan, ma'aunin kaurin zare ne, ba na ƙarfinsa ba.

Yawancin sandunan da ke karyewa ma ba lamba ce ke karya su ba. Ɗaga sanda tsaye ƙyam alhali kifi na gindin ƙafarka yana tara nauyin duka a siririn tsini. Haka ɗago kifi daga ruwa da sanda, maimakon koma ko hannu. In ƙugiya ta maƙale a itace ko dutse, miƙe sandar saitin wurin, naɗa zaren a guntun kara ka ja da shi. Saƙaƙƙen zare kada ka kuskura ka naɗa shi a yatsa, yanka yake kamar reza.