Wata uku da barin sigari: kamfanin inshora bai yarda ba tukuna

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce aikin jinyar da ka nema a Ingila ya fito, ka yi wata uku rabonka da sigari, kuma kana son inshorar rai saboda Hajiya da yara, shin za a ɗauke ka a matsayin wanda ba ya sha? Allah ya sanya alheri, ya kuma ƙara maka ƙarfin hali. Amsar dai ita ce a'a, da saura.

Yawancin kamfanonin inshora na nan Ingila wata 12 suke ƙirgawa daga ranar da nikotin ya shiga jikinka na ƙarshe. Nikotin na ce, ba sigari kawai ba. Shisha, taba gari, sigarin lantarki, har cingam da filastar da likita ke bayarwa don a daina, duk kuɗinsu ɗaya a wurinsu. A nan na yi tuntuɓe. Na bar sigari na koma zuƙar na lantarki kusan shekara, ina ta yi wa kaina kirari, ranar cike fom matar kamfanin inshorar ta tambaye ni a waya, nan take ta mayar da ni layin mashaya. Abin da aka yanka mini a wata ya kusa ninka na abokin aikina, alhali sa'ana ne. Goro dai babu ruwansu da shi, ci abinka.

Kada shaiɗan ya raya maka ka ce ba ka taɓa sha ba. Suna iya auna yawu ko fitsari su nemi kotinin, abin da nikotin ke komawa a jiki. Ko ka tsallake wannan, ranar da za ka yi rajista da likitan unguwa za a tambaye ka batun taba a rubuta. Idan ta Allah ta kasance, kamfani zai iya neman wannan fayil, kuma dokar inshora ta 2012 ta ƙasar nan ta ba shi damar ƙin biyan ko kwabo idan da gangan ka ɓoye. Ka ga an bar Hajiya da takaba da kuma takarda.

Abin da zai kwantar maka da hankali: in a NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, za ka yi aiki, kada ka fice daga tsarin fanshonsu don ganin ana yankar albashi. Wanda ya rasu yana bakin aiki, ana ba iyalinsa kusan albashin shekara 2 a dunƙule, ba tare da an tambaye shi taba ba. Wannan zai riƙe ka kafin shekarar ta cika. In kuma ka ga bai isa ba, ɗauki inshorar a farashin mashaya, bayan wata 12 ka nemi sabuwa, amma kada ka soke tsohuwar sai sabuwar ta fara aiki.

Batun halacci kuwa, ka zauna da malaminka tun kana gida, ka tambaye shi har da takaful, wato inshorar Musulunci. Sannan ka rubuta ranar da ka yi zuƙar ƙarshe a wayarka yau, don ita za su fara tambaya. A gaida Hajiya.