Ƙananan jatan lande na Kogin Haɗeja: wane iri ne, kuma za su girma?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne, ina kuma taɓa kamun kifi a ƙauyenmu da ke bakin Kogin Haɗeja a ƙasar Auyo. Idan muka ja koma ta cikin kachala mukan tarar da wasu ƙananan halittu masu jiki garai-garai, waɗanda ba su wuce gaɓar yatsa ba, suna tsalle da baya. Wasu sun ce ƙwari ne, wasu kuma sun ce 'ya'yan manyan jatan lande ne irin na Kudu. Mene ne su, kuma idan na zuba su a kududdufin kiwo za su kai na sayarwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ƙwari ba ne, domin ƙwaro ƙafa 6 gare shi, su kuwa ƙafafunsu na ƙirji 10 ne, shi ya sa masana suka sa su a rukunin Decapoda tare da ƙaguwa. A cikin wannan rukuni suna ƙarƙashin reshen Caridea, wanda ake ganewa da alamu biyu: ɓawon gaɓa ta biyu ta cikinsu yana hawa kan ta farko da ta uku, sannan macen ba ta watsa ƙwanta a ruwa, sai dai ta riƙe shi a ƙarƙashin cikinta har ya ƙyanƙyashe.

Manyan dangogin wannan reshe da aka fi samu a ruwan daɗi na Afirka ta Yamma biyu ne, Atyidae da Palaemonidae, kuma abin da ke raba su yana a ƙafafun gaba. Ka sa ɗaya a farin faranti da ɗan ruwa, ka jawo hotonsa kusa da kyamarar waya, ka dubi ƙafafu huɗu na farko. Idan a bakin awartakin kowacce akwai tukkun gashi, kuma ka ga yana ta sharar ganye da shi yana kaiwa baki ba ƙaƙƙautawa, to ɗan dangin Atyidae ne. Ƙananan wannan dangi su ne jinsin Caridina, wanda masanin Faransa Milne-Edwards ya raɗa wa suna a 1837, kuma yawancinsu ba sa wuce santimita 3 ko da sun tsufa. Suna da babban ɗan'uwa, Atya gabonensis, mai kauri da ke kai santimita 15, amma shi mazaunin ruwa mai gudu ne a tsakanin duwatsu, kamar a Kogin Binuwai.

Idan kuwa babu gashin, kuma ƙafafu biyu na layi na biyu sun fi biyun farko tsawo da kauri, to ɗan jinsin Macrobrachium ne na dangin Palaemonidae. A wasu nau'o'insa waɗannan hannuwa na namiji sukan fi jikinsa tsawo. Akwai kuma tsinin da ke goshinsu mai haƙora kamar zarto, wanda masana ke ƙirga haƙoransa na sama da na ƙasa domin bambance nau'i da nau'i, amma wannan aikin mai madubin bincike ne.

A ganina amsar tambayarka ta biyu tana ga kogin kansa. Manyan jatan landen da ake kamawa a Kudu, irin su Macrobrachium vollenhovenii mai kai kimanin santimita 18, 'ya'yansu ba sa rayuwa sai a ruwan da ya gauraya da gishirin teku, daga nan ne suke haurowa kogi bayan sun yi ƙarfi. Kogin Haɗeja kuwa ba ya zuwa teku. Daga haɗuwar Kogin Kano da na Chalawa yake tasowa, ya gamu da ruwan Jama'are a fadamun Haɗeja da Nguru, ya zama Komadugu Yobe, ya ƙare a Tafkin Chadi. Saboda haka babu hanyar da 'ya'yan waɗancan manya za su bi su iso Auyo. Waɗanda ke zama a irin wannan ruwa su ne masu iya kammala rayuwarsu a ruwan daɗi, wato Caridina da kuma Macrobrachium niloticum da aka sani a Tafkin Chadi, wanda shi ma ƙarami ne. Bisa siffar da ka bayar, Caridina ya fi kama da naku.

Za ka iya tabbatarwa da idonka. Ka duba cikin waɗanda kuka kama, idan ka ga wata ɗauke da curin ƙwai a ƙarƙashin ciki, to uwa ce da ta riga ta balaga, ba jaririya ba, kuma kusan iyakar girmansu ke nan. Kada ka kashe kuɗinka kana jiran su zama na kasuwa.

Duk da haka ina roƙonka kada ku zubar da su a kan tudu su bushe. Suna cin gansakuka da ruɓaɓɓen ganye, su kuma tarwaɗa da ƙananan giwan ruwa suna cin su, don haka kifin da kuke nema yana rayuwa a kansu. Jikinsu ba ya jure maganin ƙwari, saboda haka wanke tankin feshi a bakin kogi yana hallaka su, haka ma jan gidan sauro a madadin taru. Idan kana son sanin ainihin nau'in naku, ka sa 'yan kaɗan a kwalba da sifirit, ka rubuta wuri da ranar kamu, ka kai sashen nazarin halittu na Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Bayero ta Kano.