Amsa: In biye wa ɗan damfara in ɓata masa lokaci?

Malam, ka ce an turo maka imel wai matar wani marigayi za ta ba ka miliyoyin daloli in ka biya kuɗin lauya, kana so ka biye musu kamar yadda wasu Turawa ke yi don ɓata musu lokaci. Gaskiya ban ba ka shawara ba. Su Turawan da sunan bogi suke yi, kuma suna can nesa. Kai kuwa a Gusau kake, layinka haɗe da NIN ɗinka. Kana amsawa, sun san adireshin emel ɗinka yana aiki. Wani maƙwabcina da wasa ya fara, sai ga shi ya tura kuɗin geronsa wai na rajista, abin har yau yana damuna. Kar ka ba su BVN ko lambar OTP, wato lambar sirri da banki ke turo maka a waya. Ɗauki hoton saƙon ka kai wa EFCC, suna da ofishi a Sakkwato.